Darasin Motsa Jiki Ya Dawo Makaranta, To Ina Rabon Yara Masu Raunin Fahimta?

Tun daga watan Satumba na 2025, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fito da sabon tsarin karatu na makarantun firamare da ƙananan sakandare, maganar da ta fi yawa a bakin jama'a ita ce ta rage yawan darussa, da komo da tarihin Nijeriya, da koyar da sana'o'in hannu. Amma akwai wani canji guda wanda bai sami masu tattauna shi ba. Darasin motsa jiki da kiwon lafiya, wanda ya yi shekaru yana zaman haya a cikin darasin kimiyya da fasaha, yanzu ya koma cin gashin kansa, tun daga aji 1 na firamare har zuwa aji 3 na ƙaramar sakandare.

Wannan abin a yaba ne. Sai dai abin tambaya a nan shi ne, idan an kaɗa ƙararrawa yara sun fita fili, wa zai kula da yaron nan da ba ya gane umurni da wuri, wanda ake ce wa ya zauna a gindin bishiya ya tsare wa 'yan'uwansa takalma? Kuma ina labarin ɗan'uwansa wanda ko ƙofar makarantar bai taɓa gani ba, domin iyayensa sun kulle shi a ɗaki saboda kunyar maƙwabta? Wannan magana ta shafi kowa, amma ta fi shafar 'yan Arewa mazauna Kurmi, saboda dalilan da za su zo a gaba.

SU WANE NE WAƊANNAN YARA?

Da farko ya kamata a raba tsaki da tsakuwa. Raunin fahimta daban, hauka daban. Mai taɓin hankali yakan kasance ya girma lafiya lau, daga baya ciwo ya same shi, kuma sau da yawa magani yakan yi masa amfani. Shi kuwa mai raunin fahimta tun yana ƙarami ake ganin alama: zama ya zo masa a makare, tafiya a makare, magana a makare, abin da tsaransa suka koya cikin kwana biyu shi sai ya yi wata yana fama. Ba ciwo ba ne da allura ko rubutun sha za su kawar. Abin da ke ɗaga shi shi ne koyarwa da haƙuri.

Binciken masana a ƙasashe dabam-dabam ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin kowane 100 yana da wannan larura. Ke nan a unguwar da ke da yara 1,000, ana iya samun kamar 10. Sunayen da ake kiran su da su sanannu ne: dolo, gaula, sakarai, wani lokaci ma a ce ɗan ruwa ne, wai aljanu ne suka musanya shi. Alhali kuwa likitoci sun san sanadin abin a wurare da yawa. Akwai doguwar naƙuda wadda ke hana jariri numfashi a kan lokaci. Akwai shawarar jarirai idan ta yi tsanani ba a kai asibiti ba. Akwai sanƙarau, wanda a 1996 kaɗai ya kama mutane fiye da 100,000 a ƙasar nan, galibi a Arewa. Akwai zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, da ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki, da yunwa mai tsanani a farkon rayuwa. Akwai gubar dalma, irin wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, ta kuma bar wasu da rai amma da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Sannan akwai larurar da ake haihuwar yaro da ita, wadda likitoci ke kira Down, jama'a kuwa sukan haɗa ta cikin abin da suke kira galahanga. Ana samun ta a kusan haihuwa 1 cikin 1,000, a kowace ƙabila da kowace ƙasa.

ABIN DA AKA GANO A WAJE

Har zuwa wajen 1960, ra'ayin da ya yi ƙarfi a Turai da Amurka shi ne irin waɗannan yara ba su iya wasa, domin wai raunin ƙwaƙwalwar ne ya sauko har jikinsu. Wani malamin motsa jiki ɗan ƙasar Kanada, Dokta Frank Hayden, ya gwada wannan magana a kan 'yan makaranta a birnin Toronto. Ya tarar lalle ƙarfinsu bai kai na tsaransu ba, amma da aka sa su atisaye a kai a kai sai ƙarfin ya ƙaru. Watau rashin dama ne ya nakasa jikin, zaman wuri ɗaya ne ya sa shi ya mutu.

A daidai wannan zamani, Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar Shugaba John Kennedy na Amurka, wadda 'yar'uwarta Rosemary ke da wannan larura, ta buɗe filin gidanta a 1962 tana tara irin waɗannan yara ana koya masu iyo da guje-guje. Daga nan abin ya bunƙasa, har ran 20 ga Yuli, 1968, aka yi gasa ta farko a birnin Shikago da 'yan wasa kamar 1,000 daga Amurka da Kanada. Ita ce ake kira Special Olympics, watau Olamfik ta musamman. Ya kamata a lura cewa wadda ta fara kawo shawarar gasar ta Shikago, Anne Burke, malamar motsa jiki ce mai koyar da irin waɗannan yara a filayen wasan birnin. A 1975 kuma majalisar Amurka ta yi dokar ilmin naƙasassu, ta ambaci darasin motsa jiki da sunansa a cikin abin da tilas a koya masu.

Yau wannan gasa ta game duniya. An yi ta a Abu Dabi a 2019, aka yi a Balin ta Jamus a 2023 da 'yan wasa fiye da 6,000, kuma Nijeriya ta tura 'yan wasanta duka biyun. An ba birnin Santiyago na ƙasar Cile ɗaukar nauyin ta 2027. Tsarinta yana da hikima: ana fara gwada 'yan wasa, a kasa su rukuni-rukuni gwargwadon shekaru da iyawa, daga mutum 3 zuwa 8 a kowane rukuni, don kada a haɗa kura da akuya a tsere guda. Akwai kuma wasan haɗaka, inda masu larura da marasa larura ke buga ƙwallo a ƙungiya ɗaya.

DOKA TANA NAN, MALAMI FA?

Idan maganar takarda ce, Nijeriya ba ta da abin kunya. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta keɓe sashe guda don ilmin naƙasassu, kuma a shekarar ce aka buɗe Kwalejin Horon Malamai ta Tarayya ta musamman a garin Oyo. Jami'o'in Badun da Jos da Bayero ta Kano duka suna da sassan ilmin musamman. A 2010 ƙasar nan ta rattaba amincewa da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 30 ya ce yara naƙasassu suna da haƙƙin wasa da motsa jiki daidai da sauran yara, har da wanda ake yi a makaranta. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ce ilminsu kyauta ne har sakandare, ta ce kowace makarantar gwamnati ta karɓe su, ta kuma tanadi aƙalla ma'aikaci guda wanda aka horar don kula da karatunsu. Wanda ya nuna masu bambanci, tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu. Idan kamfani ne, Naira miliyan 1. Wa'adin shekara 5 da aka ba gine-ginen jama'a su gyara hanyoyin shigarsu ya cika tun Janairun 2024.

To, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Matsala ta farko ita ce makarantun firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, saboda haka dokar Abuja ba ta isa aji sai jiha ta yi tata, ta kuma sa kuɗi. A tsarin rabon kuɗin ilmin bai-ɗaya da aka daɗe ana aiki da shi, kashi 2 cikin 100 ne rabon ilmin musamman, kuma a ciki makafi da kurame da guragu da masu raunin fahimta duka za su ci. Bugu da ƙari, shekara da shekaru hukumar ilmin bai-ɗaya tana kukan cewa wasu jihohi sun bar kuɗinsu a ajiye, domin sun kasa kawo nasu kason.

Matsala ta biyu ita ce ta malami. Wanda ya karanta motsa jiki an fi koya masa dokokin ƙwallo da awon fili da shirya gasar gidaje. Wanda ya karanta ilmin musamman kuwa hankalinsa ya fi tafiya ga rubutun makafi da maganar kurame da aikin cikin aji. Mutumin da ya haɗa biyun shi ne ake nema, shi ne kuma ya yi ƙaranci. A makarantu da yawa ma, lokacin motsa jiki shi ne lokacin shara da cire ciyawa, ko kuwa malamin lissafi ya ara bai mayar ba. Inda lafiyayyu ba su samu ba, ina ga mai rauni?

Matsala ta uku ita ce, ko a cikin naƙasassu su ne 'yan baya. Nijeriya ta yi suna a gasar naƙasassu ta duniya tun zuwanta na farko a Barsalona a 1992. Ta ci zinariya 8 a Riyo a 2016, ta samo lambobi 7 a Faris a 2024, a shekarar da lafiyayyun 'yan wasanta suka dawo hannu rabbana. Amma mafi yawan waɗannan lambobi masu naƙasar gaɓoɓi ne suka ciwo su, musamman a ɗaga nauyi. A Arewa ma, ƙwallon guragu da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988 ta fitar da samari da dama daga bara. Gurgu yana da bakin da zai nemi haƙƙinsa, makaho yana da sarkinsa da ƙungiyarsa. Mai raunin fahimta kuwa sai wani ya yi magana a madadinsa. Ko a duniya an taɓa yi masu sakiyar da ba ruwa: a gasar Sidni ta 2000 aka gano cewa 10 daga cikin 'yan ƙwallon kwando 12 na ƙasar Sifaniya lafiyarsu ƙalau, sai aka kori dukan masu raunin fahimta daga gasar, ba su komo ba sai a Landan a 2012.

YADDA AKE KOYAR DA SU

Wani zai ce, a ƙasar da yara ɗari ke zaune a ƙasa a aji guda, wannan ai neman kitse ne a bakin kura. Amsa ita ce, cikin dukan abin da irin wannan yaro ke bukata, babu mai arha kamar wannan darasi. Ba ya son littafi, ba ya son lantarki. Fili, da inuwa, da ruwan sha, da ƙwallo ko da ta tsumma ce, da mutum mai haƙuri, sun isa a fara.

Ƙa'idodin da ƙwararru ke bi kuwa ba boyayyu ba ne. Na farko, a nuna, kada a cika surutu. Umurni guda a lokaci guda, da kalma biyu ko uku: tsaya nan, dube ni, jefo. Na biyu, a gutsuttsura aiki. Idan cafe ƙwallo ake so ya koya, a fara da mirgino masa ita a ƙasa yana zaune, sannan a miƙa masa hannu da hannu, sannan a jefo daga taku ɗaya, sannan biyu, kuma da ƙwallo babba marar nauyi kafin ƙarama. Na uku, a riƙa bin tsari guda kullum, yadda aka fara jiya haka za a fara yau, domin sanin abin da ke tafe yana kwantar masa da hankali. Na huɗu, a sauƙaƙa wasan maimakon a fitar da yaron: a rage tsawon tsere, a faɗaɗa raga, a rage dokoki. Na biyar, a haɗa shi da aboki guda mai kirki daga cikin ajin, wanda zai riƙa yi yana kwaikwayo. Na shida, a yaba masa nan take, kuma a auna shi da jiyansa, ba da ɗan wani ba. Bulala da tsallen kwaɗo da sauran gwale-gwale ba su da wuri a nan. Yaron da aka hora da motsa jiki ba zai sake son fili ba.

Ba lalle sai wasannin Turawa ba. 'Yar gala-gala tana koyar da tsayuwa da ƙafa ɗaya da jiran layi. Carafke tana haɗa ido da hannu, tana koyar da ƙirga. Gaɗa tana koyar da bin kiɗa da tafi tare da jama'a. Langa tana da wuya, sai a bar ta zuwa lokacin da ƙafa ta yi ƙarfi. Amfanin abin kuwa ya wuce fili. Yaron da ya koyi dama da hagu, da tsayawa idan an ce tsaya, da bin abu uku a jere, shi ne gobe zai iya sa rigarsa, ya yi alwala, ya tsallaka titi, ya je aike ya komo da canji. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce yara naƙasassu 'yan shekara 5 zuwa 17 suna bukatar motsa jiki na kamar minti 60 a rana, daidai da sauran yara. Ana iya raba shi kashi-kashi.

Akwai kuma inda tilas a yi hattara. Kusan rabin yaran da aka haifa da larurar Down suna zuwa da matsalar zuciya, wasunsu kuma gaɓar wuyansu sako-sako take. Saboda haka kafin a sa irin wannan yaro gudu mai tsanani, ko alkafura, ko kokawa, sai likita ya duba shi. Farfaɗiya ma ta fi yawa a cikin masu raunin fahimta. Idan ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, kuma jama'a su sani ba a ɗaukar ta ta yawu ko taɓawa. Kada a bar mai ita shi kaɗai a ruwa. 'Yan mata kuwa, ya fi dacewa mace ta koyar da su, a wuri mai sutura, kuma kada a bar babba guda ya keɓe da yaro ko yarinya, domin mugaye sun san waɗannan ba su iya kai ƙara.

RUWA NA ƘASA SAI GA WANDA BAI TONA BA

A nan ne maganar ta zo kan mazauna Kurmi. Abin mamaki, yawancin wuraren da suka fi daɗewa a wannan aiki suna maƙwabtaka da unguwannin Hausawa. Gidan kula da yara na Modupe Cole da ke Akoka a Ikko yana aiki tun 1960. Gidauniyar masu larurar Down wadda Rose Mordi ta kafa a 2001 a Ikko take, haka ma ofishin Special Olympics na Nijeriya. Jihar Ikko ta yi dokarta ta naƙasassu tun 2011, ta kafa masu ofishi, kuma tana da azuzuwan haɗaka a cikin wasu makarantunta na gwamnati. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko a Idi-Araba yake, tsakiyar Hausawa. A Badun, daga Sabo zuwa filin wasa na Adamasingba tafiyar ƙafa ce, babban asibitin koyarwa ma ba nisa, kwalejin Oyo kuwa tafiyar kamar sa'a guda ce a mota. Agege tana da filin wasanta.

Duk da haka, abin da aka saba gani shi ne ɗayan uku. Ko a ɓoye yaron a ɗakin haya, inda ba tsakar gida balle dandali, ya yi ta ƙiba yana dusashewa. Ko a tura shi gida wurin kaka, inda makarantar musamman mafi kusa tana babban birnin jiha, kuma sau da yawa ta kurame da makafi ce. Ko kuwa, mafi muni, a ba wani shi ya riƙa yawon bara da shi a kan gada, har ranar da motar kamen mabarata za ta kwashe su. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: kunya, da rashin jin Turanci ko Yarbanci a ofis, da kuɗin mota, da zaton cewa abin gwamnatin jiha na 'yan jiha ne kaɗai. Amma dokar 2019 ba ta tambayi asalin kowa ba. Ɗan Nijeriya ne, haƙƙinsa ne, ko a Mushin aka haife shi ko a Malumfashi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ga Ma'aikatar Ilmi da hukumar kula da kwalejojin horon malamai, tun da an mai da darasin matsayinsa, sai a tabbata duk wanda zai fita da takardar koyar da motsa jiki ya yi aikin gwaji da yara masu larura, hannu da hannu, ba a allo kaɗai ba. Waɗanda ke bakin aiki kuma a kira su kos lokacin dogon hutu. Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka farfaɗo da ita a 2024, da Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa, ya kamata su tuna cewa lambar zinariya daga filin firamare take farawa. Gwamnonin Arewa kuwa, jihohin da sanƙarau da dalma da tamowa suka fi yi wa ɓarna su ne suka fi bukatar irin wannan malami. Raba shinkafa da ɗaukar hoto ran 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, ba ya maye gurbin darasi uku a mako.

Amma ba kome ne za a jira gwamnati ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari da ƙungiyoyin direbobi suna iya sa a ƙirga irin waɗannan yara a unguwa, cikin sirri da mutunci, a wakilta mutum guda mai jin harshen gari ya raka iyaye ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. Kowane zango yana da kulob ɗin ƙwallo na samari. Sa'a guda ran Asabar da safe, kafin manya su shiga fili, ba za ta rage su da kome ba. Makarantun Islamiyya masu tsakar gida suna iya ba mata da 'yan mata wuri da la'asar. Masu hali kuma, kuɗin motar yaro guda zuwa makaranta na wata bai kai abin da ake liƙi da shi a biki ɗaya ba.

Iyaye su ne ƙarshen magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shirin Special Olympics na ƙanana yana karɓar yara tun daga shekara 2 zuwa 7, gasa kuwa daga shekara 8. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka fito da shi fili yau, ko bai taɓa cin kofi ba, zai yi barci mai kyau, zai rage fushi, zai san sunayen tsaransa su ma su san nasa. Iyaye ba za su dawwama ba, kuma ranar da ba su, unguwar da ta saba ganin yaron a fili ita ce za ta riƙe shi. Allah ya ba da ikon gyarawa.